Kiyashin da Ya Shiga Gidanmu na Makera

A gidan hayarmu babu wanda ya kai Baba Jethro zargi. Shekara ashirin da biyu ya yi a wata masaƙa a Kakuri, aikinsa duba atamfa kafin a naɗe ta, yana neman zaren da ya kauce. Masaƙar ta mutu, amma idon bai yi ritaya ba. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya tsaya tunanin abin da kake nema a wurinsa. Ni dai tun ranar da ya ce ina ɗebar masa ruwan randa na fita harkarsa.

Matarsa Miriam ce kaɗai ke iyawa da shi, ita kuma ta rasu shekara shida ke nan. Tun daga lokacin aminiyarta Hajiya Rakiya, mai tuyar ƙuli-ƙuli a ɗakin da ke jikin nasa, take kai masa koko kowace safiya. Yakan sha, amma sai ya shinshina.

Bana da zafi ya shigo, kiyashi ya bayyana a gidan, ba irin baƙin da muka saba gani ba. Baba Jethro ya ɗora ɗaya a farcensa, ya tara mu kamar 'yan aji. Ya ce mu duba, rawaya ne, gindinsa ya ɗan yi duhu, bai kai ƙwayar riɗi ba. Wai ya san shi tun a siton masaƙa. Cikin dilolin kaya yake bin duniya, har ƙasashen sanyi, in dai akwai ɗaki mai ɗumi. Ba ya haƙa rami a tsakar gida, sai tsagar bango, ko bayan soket, ko tsakanin tufafin da aka ninke aka manta. Kuma maiƙo yake bi.

Da ya ambaci maiƙo, sai ya juya ya kalli ƙofar Hajiya.

Ya sayo fiya-fiya ya feshe gindin bangonta. Cikin kwana uku kiyashin da ke ɗaki biyu ya shiga ɗaki biyar, domin irinsu in aka fesa musu magani watsewa suke yi, kowace uwa ta ja nata ta kafa sabon gida. Shi kuwa Baba ya ce ai wannan shaida ce ana kiwonsu. Ya kai ƙara wurin mai gida, wanda dama hayaƙin tuyar ya ishe shi, aka ba Hajiya notis zuwa ƙarshen wata. Shekararta goma sha tara a ɗakin nan, duk masu sayenta ƙofar suka sani. Ta karɓi notis ɗin, ta ci gaba da tuyarta.

Raina ya ɓaci, na tare shi. "Baba, ka ga gidan kiyashin da idonka ne?"

"Yau za ki gani, Eunice," in ji shi.

Ya ajiye kan busasshen kifi a tsakar gida. Da kiyashin suka yi layi, ya duƙa yana binsu da alli, ni ina bayansa. Layin ya kai ƙofar Hajiya, bai shiga ba. Ya hau bango, ya bi ta tagar Baba, ya sauka ƙarƙashin gado, ya shige akwatin ƙarfen Miriam, wanda ba a buɗe ba tun ranar jana'izarta.

Da ƙyar ya ɗaga murfin. Atamfofinta ne a ninke, wasu da hannunsa ya duba su a masaƙa, ga fararen ƙwai cike da tsakaninsu. Mutumin da ya koya mana cewa cikin ninkakken kaya suke zama, ko'ina ya leƙa ban da nan. Tausayinsa ya kama ni, duk da haushin.

Ya daɗe a zaune, sannan ya fita ya tsaya a bakin murhun Hajiya.

"Hajiya, daga ɗakina suke."

"Na sani, Baban Caleb," ta ce, ta kira shi da sunan ɗansa, tana juya ƙulinta. "Tun wancan makon na ga layinsu a tagarka."

"Kika yi shiru har aka ba ki notis?"

"In na faɗa, dole ka buɗe akwatin. Na ga ba ka shirya ba."

Da silifas ɗin wanka ya tafi wurin mai gida a ranar, bai dawo ba sai da aka janye notis. Washegari igiyar shanya ta cika da kayan Miriam, Hajiya tana kakkaɓewa tana faɗin bikin da aka ɗaura kowanne. Da ta miƙo masa koko, ya karɓa ya kai baki, bai shinshina ba.