Fostar rasuwar da muka manta a bango

Da na isa gidan su Bitrus a Nukkai, mata sun cika tsakar gida, mamarsa na zaune a ƙasa ko ɗankwali babu.

Mu muka jawo. A ɗan fim ɗin da aka ba rukuninmu a makaranta, Bitrus ne ya fito a wanda ya mutu. Muka buga fostar rasuwa da hotonsa, muka manna a bangon layinsu. Muna gama ɗauka kowa ya watse, ba wanda ya tuna ya cire. Wata maƙwabciya ta gani, ta ruga kasuwa ta faɗa wa Mama. Wayarsa kuma a kashe.

Yanzu ga shi tsaye a gabanta da ransa, amma ta ƙi tashi daga ƙasa.

Na durƙusa na ce, "Mama, ki yafe mana, wasa ne kawai."

Ta dube ni ta ce, "'Yata, awa biyu na yi ba ni da ɗa. Shi ma wasa ne?"

Mun ci maki mai kyau. Har yau na kasa kallon fim ɗin.

Ku faɗa mini, da wane baki ake ba uwa haƙuri a kan wannan?