Tantuna a Gonar Baffa

Na bar aikin auduga a Funtua da niyyar kwanar da mutanen birni a gona. A waya na ga yadda ake yi: babban tanti, gado da katifa a ciki, darduma, fitilar sola, mutum ya farka ya ga itatuwa. Da aka cire masara, Baffa ya ara mini gonarsa ta bayan garinmu, Dayi. Ya ce damina na faɗuwa zai karɓi abarsa, sai fa in ya ga sana'ar ta kama.

Na sayo tantuna na kafa a gindin ɗorawa, na haƙa ban ɗaki na kewaye da zana. Sai jira. Yadda hanyoyinmu suka koma, ba kowa ke marmarin kwanan daji ba. Rani ya yi nisa kafin wani likita ya kira daga Kaduna, ya ce zai zo da matarsa.

Da la'asar suka iso. Matar ta yi ta ɗaukar hoto, ta ce wuri ya yi. Ina hura gawayin shayi sai ga mai babur ya sauke Inna, mahaifiyata. Ta gaisa da su, sannan ta juyo kaina.

"Kai, mi waɗannan bayin Allah suka yi maka?"

"Inna, so suke. Don haka suka zo."

"Baƙi tun daga Kaduna, har da mace, ka aje su gona kamar masu gadin rogo? Ina raye? Da wane ido zan kalli mutanen gari?"

Likitan ya buɗe baki zai yi bayani, ta ce, "Alhaji, kara kake yi mashi, na sani." Ta kama hannun matar. Haka suka bi ta har gida.

A ɗakinta suka sauka, ita ta koma na ƙanwata. Ta tuƙa musu tuwon masara, da safe ta dama koko. Da za su tafi likitan ya sa hannu a aljihu, ta ce a gidan nan ba a sayar wa baƙo da makwanci. Na ji haushi, amma ba sosai ba. Na dai san labari ya riga ya kai kunnen Baffa.

Ruwan farko na sauka na naɗe tantunan, Baffa ya sa garma. Masara ta kai gwiwa sai likitan ya sake kira, wai abokansa sun ji labari, suna son zuwa. Na ce masa ai an shuke gonar. Ya ce ba komai, ya tambaya ko Inna tana da wuri.