Ƙwaryar Jonsaba

Duk wanda ya tashi a Sitakoto ya san Jonsaba Darbo, amma 'yan ƙalilan ne suka taɓa ganin kanta ba ƙwarya. Tsohuwar ƙwarya ce da ta tsage aka ɗinke, an zagaye bakinta da wuri da ƙashin kifi. Da ita take zuwa suna, da ita take zuwa biki, da ita take shiga fadamar shinkafa. Yara na binta suna dariya, manya na kauce mata don tsoron bakinta. Har yau in na ji baƙo ya kira ta mahaukaciya raina ɓaci yake, don wanda bai ga shuka ba bai kamata ya yi gardamar girbi ba.

Daga ƙetaren kogi aka kawo ta amarya gidan Kekoto manomin gyaɗa. A lokacin kunya gare ta har ta yi yawa. In surukinta ya shigo tsakar gida sai ta nemi bayan rumbu. Ta haihu sau huɗu, ba ɗayan da ya kai yaye. Na biyun ya fi daɗewa, har ya fara rarrafe, sannan ɗan tari ya kama shi, kafin mako ya zagayo an kai shi makwanci. Da ciki na biyar ya fito, Jonsaba ta daina barci. Sai ga Mba Sirra, uwar matan kanyelen, ta shigo da jama'arta wata hantsi ba ko sallama.

Matan kanyelen dukkansu wabi ta taɓa su, ko haihuwa ta ƙi su. Suka kai Jonsaba juji bayan gari, suka zuba kunun shinkafa a ƙasa, ta durƙusa ta sha da baki kamar akuya. Suka sa mata wandon maza da rigar buhu, suka kifa mata ƙwarya. Sannan Mba Sirra ta faɗa mata sharaɗi: daga yau ta rabu da kunya; abin da za ta haifa kada ta yabe shi, kada ta kira shi da sunan da liman zai raɗa, har ranar da shi ma zai haifi nasa ya kawo shi da rai gindin kukar gari a ruwan farko, a nan za ta sauke ƙwaryar. Abin da aka ɗaukaka shi ido ke bi, in ji su, wadda kuwa ta ƙasƙantar da kanta Allah na duba ta. Liman ya sha cewa Allah ne mai rayawa, matan kuma su ce ai su ma Shi suke roƙo, hanyar ce dai ba ta malamai ba.

Ta haifi mace. Liman ya raɗa mata Ramatulai, matan kanyelen suka ɗauke ta a tsohon faifai suka ajiye kan juji, suka tsinto ta, suka sayar wa uwarta a kan tafin gishiri. Daga ranar sunanta Suntukun, wato juji.

Jonsaba ta riƙe alkawari fiye da yadda aka nema. Matar da ba ta iya kallon surukinta ita ce ta koma tsamo nama daga tukunyar biki tana gudu miya na ɗiga a hannunta. Ta taɓa tare mai gari a bainar jama'a ta ce masa, "Baba, ka sake tsohuwar nan ka aure ni, ka ga ni da wandona na zo, ba sai ka yi ɗinki ba." Gari ya yi wata guda yana maimaita zancen.

'Yar kuwa ta rayu, ta yi tsawo, ta yi kyau abinta. Tsokar kifi mafi daɗi a kwanonta take ƙarewa, in zazzaɓi ya taɓa ta uwar ba ta zuwa fadama, amma kalma mai daɗi ko ɗaya ba ta taɓa samu ba. Daga "mai ƙafar zalɓe" sai "kayan tsintuwa". Da ta koyi ɗinki ta yi wa uwarta riga ta farko, Jonsaba ta juya ta gaba da baya ta ce buhun gyaɗa ya fi ta fasali, sannan ta sa ta a bai-bai. A bai-bai ɗin ta yi ta sawa har rigar ta mutu.

Suntukun ta san dalili, kowa a garin ya sani. Amma sanin dalilin ƙaya ba ya hana ta zafi. Ranar da aka kai ta gidan wani direba a Birikama, uwarta ta yi rawa har ƙura ta tashi tana gaya wa dangin ango an cuce su, su duba kayan da kyau tun ba a yi nisa ba. Mutane suka yi ta dariya, amarya na kuka cikin mayafi, kukan kuma ba irin na amare ba ne. Ta gaya wa Mba Sirra a ranar cewa ba ta neman komai wurin uwarta sai ta ji sunanta na gaskiya a bakinta sau ɗaya. Tsohuwar ta ce ta yi haƙuri, ranar na zuwa.

Suntukun ta daɗe kafin ta samu ciki, sannan da rani ta haifi namiji. Labari ya iso Sitakoto, kowa ya san bana Jonsaba za ta sauke ƙwarya. Ita ma ta sani, kuma tsoro ya kama ta fiye da murna. Sunan da ta hana harshenta shekara talatin ta ji kamar ba zai fito ba. Sai ta riƙa sammako zuwa fadama tana gyaran kunya, in ta duba ba kowa kusa ta faɗe shi a hankali, ta saurara, ta sake faɗa. Mai gonar da ke maƙwabtaka da ita ta ji, ta yi kamar ba ta ji ba.

Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi. Kafin a zuba irin shinkafa mata suka fita gindin kuka kamar kowace shekara, da goro da munko, dunƙulen garin shinkafa da zuma. Aka roƙi damina mai albarka, aka yi wa masu ciki addu'a, aka wanke hannun waɗanda suka fita takaba, aka shafa kan 'yan matan da za a kai ɗaki bayan girbi. A ƙarshe aka zo kan masu sauke ƙwarya. Tsofaffin ƙore na nan jingine a saiwar kukar, wasu gara ta cinye rabinsu. Mba Sirra, wadda yanzu ba ta gani sai an riƙo ta, ta kira Jonsaba.

Suntukun ta tsaya gabanta da jariri a ƙirji. Jonsaba ta sa hannu biyu ta ɗaga ƙwaryar. Kanta fari fat, ga shatar bakin ƙwarya ta zagaye goshinta. Ta dubi 'yarta ido cikin ido, abin da ta daɗe ba ta yarda ta yi ba, ta buɗe baki.

Sai jaririn ya yi tari. Ɗan tari ne, irin wanda ko uwa ba ta cika kulawa da shi ba. Amma Jonsaba ta san shi, da irinsa na biyunta ya fara. Kafin kowa ya ankara ta mayar da ƙwaryar kanta.

"Wai wannan za ku ce in kira da suna? Juji ta haifi juji. Ku dube shi, ko kura aka ba za ta ce ta ƙoshi."

Ba wadda ta yi dariya. Mba Sirra ta juyo da fuskarta wajen muryar ta ce, "Jonsaba, alkawarinki ya cika. Sauke."

"Nawa ya cika, Mba. Na wannan abin fa, wa ya ɗaukar masa?"

Hawaye suka zubo wa Suntukun. Ta ce wa uwarta, "Nna, tun ina yarinya nake jiran yau."

Jonsaba ta kau da kai. Zuciyarta kamar ta tsage, ta kuwa san abin da ta hana 'yarta, amma ta ga gara 'yar ta tafi da haushinta da ta tafi da gawa.

Yaron ya sake tari, wannan karon uwarsa ta ji shi a ƙashin ƙirjinta. Wata baƙuwa da aka auro kwanan nan, don ta sanyaya wuri, ta leƙa fuskarsa ta ce tubarkalla, yaro kyakkyawa kamar shi ai ba abin da zai same shi. Suntukun ta fizge gefen zaninta ta rufe shi.

"Ina kyan yake? Kai kamar tulu, hanci kamar an taka. Ki duba wani dai."

Sai da maganar ta fita ta ji ta. Ta tsaya baki buɗe tana kallon uwarta. Jonsaba ta sunkuya. Ta ɗauki munko ta gutsura biyu, ta miƙa mata babban ta ce, "Ci, mummuna, ki samu nonon ba shi."

Tarin mura ne kawai, kwana kaɗan ya wuce. Yaron ya yi wayo, ya yi gudu, ya fara zuwa makarantar allo. Duk shekara a gindin kuka ana kiran Jonsaba, duk shekara ta ce a bari sai baɗi, ba ta gama yarda ba. Da ƙwaryarta ta rasu wata kaka, ana tsakar yankan shinkafa, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Sunan bai taɓa fita bakinta a gaban 'yarta ba.

Da ruwan farko ya zagayo Suntukun ta zo ta jingine ƙwaryar a saiwar kuka da hannunta. A hanyar komawa mai gonar maƙwabta ta jawo ta gefe ta gaya mata abin da ta riƙa ji da sassafe a shekarar da aka haifi yaron. Suntukun ta tambayi a daidai ina uwarta ke tsayawa in za ta faɗa. Aka kai ta fadama aka nuna mata wurin, can ƙarshen kunya inda ruwa ke shigowa. Ta daɗe tsaye a nan. Ba ta koma Birikama ba sai da ta shuka gonar.