Rantsuwar Hasmukh

Shekara ashirin muna aiki tare da Hasmukh a masana'antar famfo ta mahaifinsa a Rajkot, ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Ni wannan haƙuri nasa haushi yake ba ni.

Da tsohon ya rasu, kamfani ya zama na 'ya'yansa biyu, rabi da rabi. Shekara ba ta zagayo ba, wansa Jayantilal ya sa aka goge sunan Hasmukh daga rajistar masu hannun jari, ya bar shi a bakin inji kamar kowane lebura. Na ce, "Hasmukhbhai, akwai kotun kamfanoni a Ahmedabad, tashi mu tafi."

Uwarsu Kantaben ta riga ni. Ta kama hannunsa ta ɗora a kan furfurarta. "Rantse ba za ka kai ɗan'uwanka kotu ba muddin ina raye."

"Ma, gadona ne fa."

"Kwana nawa ya rage mini? Rantse."

Ya rantse. Lokacin tana kwance, kowa ya fid da rai. Sai ga Jayantilal ya zama ɗa nagari: manyan likitoci, mota, mai jinya ta musamman. Unguwa ta yi ta sa masa albarka, har da ni, sakarai. Bayan shekara uku da 'yan kwanaki ya kwaso ta da akwatinta ya dire a ɗakin Hasmukh, wai matarsa ta gaji. Shekara takwas Hasmukh yana yi mata wanka, yana ba ta abinci a baki, har ta cika.

Ana gama makoki muka shigar da ƙara. Lauya ya ja masa kunne, ya ce ya faɗa wa kotu bai daɗe da sanin an goge shi ba. Ranar zama alƙali ya tambaya, "Yaushe ka sani?"

Hasmukh ya dubi hannunsa. "Shekara goma sha ɗaya ke nan, ranka ya daɗe."

"Wa'adin shigar da ƙara shekara uku ne. Me ya hana ka zuwa?"

"Na rantse wa mahaifiyata."

Alƙali ya kori ƙarar.

A jirgin ƙasa na wanke shi tas, na ce gaskiyarsa ta banza ta kashe shi. Shi kuwa yana ta lanƙwasa yatsu yana lissafi. Can ya ce, "A wane wata Motabhai ya kawo mini Ma?" Haka yake kiran wan nasa har yau, wato Babban Yaya.

Na faɗa masa.

Ya ce, "Ashe kwanakin wa'adin Motabhai yake ƙirgawa."