Ranar da Na Dawo Alsawra da Kekuna Biyu

Shekaru sun ja, gemuna ya yi furfura, na manta fuskokin da yawa daga cikin malaman da suka koyar da ni a Khartoum. Amma ranar da na shiga unguwar Alsawra ina tuƙa keke ɗaya, ina riƙe da ɗaya babu kowa a kansa, wannan kam sai dai a binne ni da ita.

A lokacin ni ɗalibi ne daga Najeriya, ina karatu a wata jami'ar Musulunci, ƙasar kuma tana hannun sojoji. Ni mutum ne da ba na iya zama wuri ɗaya, tun ina ƙarami mahaifiyata take cewa kamar akwai cinnaku a wandona. Zaman ɗakin ɗalibai ya ishe ni, sai na sayi wani tsohon keke ɗan China a kasuwar Suk al-Shabi, na dinga bin gari lungu-lungu. Wata rana sarƙata ta tsinke a Omdurman, tsallaken kogi daga Khartoum, na tura keken wurin wani saurayi mai gyaran keke a gindin dalbejiya. Ina ta fama da Larabcina na littafi, sai ya ɗago kai ya ce mini da Hausa in daina wahalar da kaina. Ashe kakansa ne ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa zai je Makka, ya tsaya noman auduga a yankin Jazira na Sudan, bai kai ba, bai kuma koma ba. Daga ranar gindin bishiyar nan ya zama wurin zamana, in dai ana iya kiran abin da nake yi zama.

A shekarun nan ana yin abin da ake kira kasha. Motar soja ce za ta tsaya a kasuwa ko bakin titi, a kwashe duk saurayin da ba shi da katin shaidar ya yi aikin soja na dole, a kai shi sansani, daga can a tura shi yaƙi kudu. Ni fasfo da katin ɗalibi suna aljihuna, babu mai taɓa ni. Shi kuwa abokina ba shi da kati. Mahaifinsa ya rasu, shi ke ciyar da mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu, ya nemi takardar ɗaga masa ƙafa amma ba ta fito ba. Saboda haka wata da watanni bai wuce layukan unguwarsu ta Alsawra ba.

Sai na ji labarin duwatsun Sabaloka, can arewa da gari, inda kogin Nilu yake matsewa tsakanin tsaunuka, a wani yanki da aka ce gwamnati ta keɓe don namun daji. Shi ke nan barci ya ƙaurace mini. Na sa abokina a gaba, kullum maganar ke nan, har ina tsokanarsa da cewa ya zama kazar gida, mai gyaran keke amma bai san inda keke ke zuwa ba. Da na ishe shi, sai ya ɗauki sukurdireba ya zana mini hanya a ƙasa. Za mu haye gada zuwa Bahri, ɓangaren arewa na Khartoum, da sassafe cikin ayarin masu madara da leburori, daga nan mu bi gonakin bakin kogi har can. Sharaɗinsa ɗaya ne, ba za mu hau kwalta ba, domin shingayen soja duk a kwalta suke. Na yi rantsuwa na amince, ko gama sauraronsa ban yi ba.

Da za mu tafi mahaifiyarsa ta ɗaure mana kisra, wata wainar dawa mai faɗi, da dabino. Ba ta yi wa ɗanta doguwar magana ba, ni ta duba ta ce, “Ɗana, kai ne mai takarda. Ka kula mini da shi.” Na ce in Allah ya yarda, Inna, ƙafata tana kan feda.

Tafiyar ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Mun ratsa gonakin albasa da lemun tsami, muna ɗaga kekuna mu tsallake magudanan ban ruwa, muna shan ruwa a randunan da mutanen ƙauye ke ajiyewa a inuwa don matafiya. Mun kwana a ɗakin baƙi na wani masallaci, washegari da hantsi duwatsun suka bayyana, baƙaƙe ƙirin, kogin yana gurnani a tsakaninsu. Namun dajin da aka yi ta ba ni labari kuwa, ban da tsuntsaye da awakin mutane ban ga komai ba. Muka tura kekuna har kan wani tsauni. Abokina ya zauna a kan dutse yana kallon ruwa yana dariya shi kaɗai, ya ce ya manta sama tana da faɗi haka. Ni kuwa ko minti goma ban yi ba na fara nuna masa wani tsaunin na gaba.

A dawowa ne abin ya lalace. Ƙaya ta sa tayoyina a gaba, mun yi faci har na daina ƙirgawa, sholisho ya kusa ƙarewa, rairayi yana riƙe taya, rana tana dukan ƙeya. Ga kwalta can muna hangowa, motoci suna wucewa sumul. Na ce masa yau Juma'a ce, tsakar rana, wane soja ne zai tsaya a wannan zafin? Ya girgiza kai ya ce mu yi haƙuri, ko da magariba ce za mu isa. Babu abin da ke jirana a gari, ba jarrabawa ba komai, kawai raina ne ya ƙi jinkirin. Sai na juya kan kekena na nufi titi ba tare da na waiwaya ba. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne na san zai biyo ni. A wurinsu ba a barin baƙo ya yi tafiya shi kaɗai, kuma da wannan ɗabi'ar tasa na yi amfani.

Ba mu yi nisa ba muka sha wata kwana, sai ga ganguna biyu da igiya a tsakani, ga babbar mota a gefe, samari suna zaune a bayanta sun yi jugum. Wani soja ya duba fasfona ya miƙo mini. Kafin ya juya kan abokina na raɗa masa da Hausa cewa ya yi kamar ba ya jin Larabci, zan ce ɗan uwana ne daga Najeriya, ya bar fasfonsa a makaranta. Sojan ya tambaye shi shi ɗan ina ne. Abokina bai ko dube ni ba, ya amsa da Larabcin garin tsantsa cewa a Jazira aka haife shi, ubansa ma a can aka haife shi. Aka tambayi kati, ya ce babu. Aka nuna masa mota.

Na yi roƙo, na yi magiya, sojan ya ce in kama gabana tun yana ganin mutuncina. Abokina ya kwance tsumman da ya naɗe sifanoninsa da famfo ya miƙo mini, ya ce, “Ka kai wa Yumma ajalar. Ka riƙe ta a tsakiyar kai, ya zol, kuma kada ka ja birkin gaba, za ka faɗi.” Ajala ita ce keke a bakinsu, Yumma uwa, ya zol kuma kamar a ce malam. Ana shirin tafiya da shi yaƙi, shi kuma yana koya mini yadda ake jan keke biyu.

Bayan la'asar na isa ƙofar gidansu. Mahaifiyarsa ta fito, ta dubi keken da babu kowa a kansa, ta koma ciki ta kawo mini ruwa. Sai da na sha sannan ta tambaya, “Wace hanya kuka biyo?” Na ce kwalta. Ba ta tambayi wanda ya zaɓa ba. Ta karɓi keken ta jingina shi a bango, ta ja ƙofa.

Kusan shekara biyu na yi ina yawo daga wannan ofis zuwa wancan ina neman labarinsa, ina kai wa gidan ɗan abin da na samu, ba ni da sukuni ko a aji. Ina dab da gama karatu ya dawo, ya rame, gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa. Ya koma gindin dalbejiyarsa yana gyara kekunan mutane, shi kuwa ya gama hawa har abada. Na nemi gafararsa, ya ce ya yafe tun a cikin mota. Sai na tambaye shi abin da ya hana shi yin ƙaryar da na shirya masa.

Ya ce, “Abuya, mahaifina, ya yi shekaru yana bin ofisoshi kafin a yarda mu 'yan ƙasa ne, ana ce masa baƙo a garin da aka yanke masa cibiya. In na ce ni baƙo ne aka rubuta, ƙannena fa?” Ya goge wata sarƙa, sannan ya ƙara da cewa duwatsun nan sun yi masa rana, domin a can kudu in abu ya yi tsanani su yake rufe ido ya gani.

Shekara guda na yi ina zama kusa da mutumin nan, ina cin abincin gidansu, ban taɓa tsayawa na tambayi abin da yake ɗauke da shi ba. Har yau ban iya zama wuri ɗaya ba, hali ne. Amma tun daga ranar, duk tafiyar da zan yi da wani sai na fara duba wane ne a cikinmu zai biya in abu ya ɓaci. In ni ne mai takarda a aljihu, ba ni ke zaɓar hanya ba.