Mu Nawa Kika Gani a Gadon Nan?

Har yau ban manta da ranar da aka tura ni ɗaki na sha biyu ba. Lokacin watana shida da fara aikin mataimakiyar jinya a sashen tiyata na wani asibiti a Lyon. Namu shi ne wanka, gyaran gado da awon zafin jiki. Magani da allura na ma'aikatan jinya ne. Amma da yake ni kaɗai ke jin Hausa a sashen, tafinta ma a kaina take.

Da hantsi Madam Selin, ma'aikaciyar jinyar da nake ƙarƙashinta, ta ce an kwantar da wata daga Nijeriya, gobe za a cire mata matsarmama. "A takarda namiji ne, amma rayuwar mace take yi, sunanta Jamila. Ta ƙi amsa tambayoyin likitan sa barci. In ba ta amsa ba, babu tiyata."

Ba zan yi muku ƙarya ba, raina bai so ba. Ba haka aka rene ni ba. Ita Selin nata da sauƙi, a Faransanci "vous" ɗaya ya ishe ta ga kowa. Mu kuwa da buɗe baki sai an zaɓa, ko "ka" ko "ki". Sai na yi dabara.

"Sannunku. Yaya jikin naku? Kuna shan wani magani?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "'Yar'uwa, mu nawa kika gani a gadon nan?"

"To, me zan ce?"

"Jamila. Ke. In ya yi miki nauyi, miƙo mini jakata in koma Paris da ciwona."

Tana dafe da ciki, gumi na keto mata, kuma da gaske take. Na jawo kujera.

"Jamila, wane magani kike sha? Kar ki ɓoye mini, ba ni da lokacin zagaye-zagaye."

Sai ta fito da ƙwayoyi daga jaka, masu sa jiki ya ɗauki siffar mace. A unguwar Porte de la Chapelle ta Paris take saye, ba takardar likita. Ta ce tun da aka haɗa ta ɗaki da wani tsoho, aka liƙa sunan namiji a ƙofa, ta san ba mai saurarenta. Da Selin ta ga ƙwayoyin, nan take ta kira likita: suna iya sa jini ya daskare bayan tiyata. Aka sake tsarin maganinta.

Daga nan ni da Selin muka wuce ofishin shugabar sashe neman ɗakin mutum ɗaya.

"Takarda ta ce namiji," in ji shugabar.

Na ce, "Madam, ba takardar ce ke kwana a ɗakin ba."

Selin ta taka mini ƙafa, amma ta ce bakinmu ɗaya. Kafin la'asar an canza ɗaki, an gyara sunan ƙofa. Washegari aka yi tiyata lafiya.

Ku sababbin ma'aikata kuna yawan tambayata ko na canza ra'ayi. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, kuma ba shi aka ɗauke ni aiki in kawo ba. Abin da na koya ɗaya ne: majinyaci ba ya buɗe wa wanda ke ƙyamarsa baki, kuma abin da ya ɓoye shi ke kashe shi. In ba za ku iya kiran mutum yadda zai amsa ba, kar ku tsaya bakin gadonsa. Ku kira ni.