Tabarmar Makokin Mainasara

Karatu ya kawo Mainasara Alƙahira daga Gusau. Karatun ya ƙi, sai ya kama gyaran takalma a Wustul Balad, tsakiyar birnin, har furfura ta cim masa a kan sana'ar.

Wata shekara mawaƙan sojan Rasha suka zo wasa. Wani dogon saurayi cikin 'yan rawarsu ya kawo masa yagaggen takalmi, don rawarsu a tsugune ake yin ta, ana harba ƙafa, tana cin fata. Babu mai jin yaren wani. Da aka gama ɗinki, saurayin ya taka rawar nan a bakin titi, Mainasara ya yi dariya har da hawaye.

Ranar da ya ji a rediyo jirgin mawaƙan ya faɗa teku, babu wanda ya tsira, sai ya tashi daga aiki. Ya shimfiɗa tabarmar makoki a ƙofar ɗakinsa a unguwar Ainu Shams, yadda ake yi a gida.

Maƙwabciyarsa Rakiya ta leƙo. "Baba, wa ya rasu?"

Ya buɗe baki, sai ya tuna bai taɓa tambayar sunan saurayin ba.

Ya ce, "Wani yaro ne. Ƙafarsa kawai na sani."